Tsaftar da ke jawo "sanyi"

Ranar Laraba a kasuwar Nima ba a rasa mai tallar maganin "sanyi": ga na sha, ga na matsi, ga na zama a ciki. Mace ta saya, ta ji sauƙi na mako biyu, abin ya dawo.

Abin da mai talla ba zai gaya miki ba shi ne, gaban lafiyayyar mace cike yake da ƙwayoyi masu amfani, laktobasilos, waɗanda wani likitan Jamus ya gano a 1892. Su ke sa wurin tsami, tsamin kuma ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Kurkure ciki da sabulu ko Dettol, da cusa alif ko kayan matsi, duk suna kashe masu gadin nan. Sai irin su gadnarela su samu fili: ruwa tsinkakke mai launin toka, da ƙarni kamar na kifi, musamman bayan saduwa. Baiwar Allah kuwa sai ta ɗauka tsafta ce ta gaza, ta ƙara wanki!

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 4 masu shekarun haihuwa na da wannan matsala. Ga mai juna biyu, tana iya jawo bakwaini.

Kuma ba ita ce "wayit" ba, mai kauri da ƙaiƙayi. Maganin wannan ba ya yi wa wancan, shi ya sa sayen ƙwaya a kemis da ka yake asarar sidi. Asibitin Maamobi na kusa; a ɗebi ruwan a gwada. Tsarki kuwa, ruwa zalla ya isa, daga waje kawai.