Tantancewa mataki biyu: Raunin da katse layukan waya a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ya tona

A watan Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta ce manufar ita ce a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu bayanai ta waya. Jama'ar yankin sun kwashe watanni ba kira, ba saƙo, ba intanet. An tafka muhawara kan ko matakin ya rage hare-hare. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne gaskiyar da ya fito da ita fili: layin waya ba a hannun mai shi yake ba. A kan wannan layin kuwa mafi yawan matasa suka jingina tsaron shafukansu na Facebook, WhatsApp da X.

Tsarin tantancewa mataki biyu ba shi da sarƙaƙiya. Bayan kalmar sirri, shafin zai nemi shaida ta biyu, galibi lambobi shida da za a turo ta saƙon tes. Wanda ya sace kalmar sirrin kaɗai zai tsaya a bakin ƙofa. Ko shakka babu, samun wannan mataki ya fi rashinsa.

Matsalar tana wajen hanyar da lambobin ke bi. Hukuma na iya kashe sabis, kamar yadda aka gani. Kamfani na iya rufe layi: daga Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba yin kira, a 2024 kuma aka rufe wasu gaba ɗaya. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi ma ana iya sake sayar da lambarsa, sabon mai ita ya riƙa karɓar saƙonnin tsohon mai ita.

Sai sata, wadda ita ce ta fi shafar wannan yanki. Waya na cikin kayan da maharan kan ƙwace idan sun shiga ƙauye ko sun tare hanya. Wanda ya cire sim ya saka a wata wayar zai iya neman sauya kalmar sirri ta Facebook, ko ya buɗe WhatsApp ɗin mai layin, domin lambobin tantancewar gare shi za su zo. A Kano ko Abuja, abin da kan biyo baya shi ne a damfari 'yan'uwa da abokai da sunan mutum. A Faskari lamarin ya wuce nan. Zaurukan WhatsApp na gari su ne inda ake sanar da motsin 'yan bindiga, kuma a cikinsu ana ganin lambar kowa, ana ganin wanda ya yi magana. Baƙon da ya kutsa da sunan ɗan gari zai san wa ke kai rahoto ga sojoji ko ga rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a Oktoban 2023.

Akwai kuma tambayar abin da kamfanonin kansu ke yi da lambar da aka ba su amana. A 2018 masu bincike suka gano Facebook na amfani da lambobin wayar da aka bayar domin tsaro wajen aika tallace-tallace, batun da ya shiga cikin tarar dala biliyan 5 da hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci kamfanin a 2019. Twitter ya amsa irin wannan laifi, ya biya dala miliyan 150 a 2022. A Afrilun 2021 kuma aka baza bayanan masu amfani da Facebook miliyan 533 a intanet, har da lambobin waya. Matashin da ke sukar hukuma da sunan aro ya kamata ya auna wannan da kyau, tunda layinsa yanzu a ɗaure yake da NIN ɗinsa.

Mafita mafi sauƙi ita ce a raba tantancewar da layin waya. Manhajoji irin su Google Authenticator suna samar da lambobin a cikin wayar kanta, suna sauya su duk daƙiƙa 30, ko da sabis ko babu. Facebook na ba da lambobin ajiya guda goma. A rubuta su a takarda a adana a gida, kada a ɗauki hotonsu a bari a wayar. Sim ma ana saka masa lambar sirri, kodayake mutane ƙalilan ne ke yi. Duk wannan ba zai amfana ba idan fuskar wayar ba ta da makulli, musamman ga mai barin ta a shagon caji na tsawon yini.

WhatsApp ba ya aiki sai da lambar waya, don haka kariyarsa daban take: lambobin sirri shida da mutum zai zaɓa da kansa a sashen tantancewa mataki biyu. Wanda ya sace sim amma bai san su ba, sai ya jira kwana bakwai kafin ya iya buɗe asusun a wata waya. A cikin waɗannan kwanaki ne mai layin zai garzaya ofishin kamfanin sadarwa da NIN ɗinsa, a rufe tsohon sim a ba shi sabo.