Jerin lambobin da ke gina fanel ɗin waya

Ranar kasuwa a Dungas ta Nijar, rumfar mai gyaran waya ba ta rabuwa da jama'a. Wannan tasa ta faɗa ruwa, waccan ta daina ɗaukar caji, wani kuma tun da ya jona ta a batirin sola ta ɗauke ɗif. Mai gyara zai kwance bayan wayar, ya zaro allon da ke ciki, wanda ƴan sana'ar ke kira fanel, ya kanga shi a haske. A kansa akwai ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da masu ruwan ƙasa, jere reras, da yawansu ba su kai rabin ƙwayar riɗi ba. Canza guda ɗaya kawai yakan ci masa lokaci, hantsaki a hannun dama, buluwa mai hura iska mai zafi a hagu, yana riƙe numfashi don kada ya hure ta ta ɓace a ƙasa. A ƙaramar waya irin waɗannan ƙwayoyi ɗaruruwa ne. A babba sukan haura dubu.

Babu hannun ɗan Adam da ya jera su. Inji ne, kuma injin bai san waya ba, bai san rediyo ba. Abin da ya sani shi ne wani ɗan fayil na lambobi da aka ba shi.

Wayoyin Tecno da itel da Infinix da suka cika aljihun mutanen Magarya da Dungas na kamfanin Transsion ne, wanda hedikwatarsa ke Shenzhen a ƙasar Sin. Da yawansu ta Kano suke biyowa, daga kasuwar waya ta Farm Centre, su ƙetaro iyaka ta Maigatari ko ta Ɓaɓura. Amma kafin duk wannan tafiya, kowane fanel ya fara ne a matsayin zane a kwamfutar wani injiniya. Idan ya gama zanen, manhajar da ya yi aiki da ita takan fitar masa da takardu iri uku da zai tura masana'anta. Na farko su ne fayilolin Gerber, masu nuna hanyoyin jan ƙarfe da za a shimfiɗa a kan allon. Na biyu jerin kayan da za a saya, kowanne da lambarsa da adadinsa. Na ukun shi ne mafi ƙanƙanta, shi ne kuma ake yawan rainawa: fayil ɗin da ke gaya wa inji inda zai ajiye kowace ƙwaya.

Wanda ya buɗe shi zai yi mamakin sauƙinsa. Tebur ne kawai, kowace ƙwaya da layinta. Layi ɗaya zai iya zama haka: C12, 100nF, 0402, 23.40, 11.75, 90, sama. Ma'ana, kafasito mai lamba 12, mai ƙarfi kaza, mai girman da ake kira 0402, wato tsawon milimita 1 da faɗin rabin milimita, a ajiye tsakiyarsa milimita 23.40 zuwa dama da milimita 11.75 zuwa sama daga wani wuri da aka tsayar, a juya shi digiri 90, a fuskar allon ta sama. Shi ke nan. A manhajar KiCad danna ƴan maɓallai ke fitar da shi. A Eagle, wadda kamfanin Autodesk ya saya a 2016, wani ɗan shiri ne mai suna mountsmd ke yin aikin. Altium da EasyEDA ma kowacce da nata tsarin, ginshiƙan tebur ɗin kan ɗan sha bamban, amma bayanin ɗaya ne.

A masana'anta, allon kan fara bi ta ƙarƙashin wani siririn farantin ƙarfe mai huji-huji, a shafe shi da kwaɓaɓɓiyar dalma, ta sauka daidai wuraren da ƙafafuwan kaya za su zauna. Daga nan sai injin ɗauka da ajiyewa. Ƙwayoyin suna zuwa ne a cikin dogon tef da aka naɗe a faifai, kowace a ɗan raminta. Injin yana da bakuna masu zuƙar iska. Baki ya tsotso ƙwaya, ya wuce da ita ta gaban kyamara ta duba ko ta karkace, a gyara, sannan ya dangwala ta a kan dalmar. Kamfanonin Japan irin su Fuji da Panasonic da Yamaha da Juki su ne manyan masu ƙera waɗannan injuna, kuma akwai waɗanda ake tallatawa da cewa suna ajiye ƙwaya dubu 90 a awa guda. Ido ba ya iya bin hannunsu. Wasu ƙwayoyin da suke ɗauka ma sun fi 0402 ƙanƙanta: akwai 0201, milimita 0.6 da 0.3, akwai kuma 01005, milimita 0.4 da 0.2.

Duk wanda ya ƙura wa fanel ido zai ga wasu ɗige-ɗige na jan ƙarfe a kusurwoyi, faɗin kowane kamar milimita 1, babu abin da aka jona musu. Ba ado ba ne. Su kyamarar injin ke fara nema, don allo ba ya taɓa shiga daidai cif-cif. Da ta gan su sai kwamfutar injin ta lissafa yadda ya goce, ta daidaita dukkan lambobin fayil ɗin da hakan.

Bayan an jera komai, allon ya shiga tanderu mai ɗakuna-ɗakuna, zafi na ƙaruwa a hankali. Tsohuwar dalma mai haɗin kuza da darma tana narkewa a digiri 183. Tun da Tarayyar Turai ta hana darma a yawancin kayan lantarki daga Yulin 2006, masana'antu suka koma wani haɗi na kuza da ɗan azurfa da jan ƙarfe, mai narkewa a wajen digiri 217, tanderun kuma yakan kai 240 zuwa 250. Mai gyara a Magarya yana jin wannan doka a hannunsa ko bai taɓa jin labarinta ba: ita ta sa sai ya ƙara wa buluwa wuta kafin bakin caji ya saki fanel, ita ta sa kuma gwanaye kan ɗan zuba tsohuwar dalma a kan ta masana'anta don ta yi saurin narkewa.

Narkakkiyar dalma tana da wani alheri. Idan ƙwaya ta ɗan goce kaɗan, dalmar kan ja ta da kanta ta koma tsakiya. Abin da ba za ta iya ba shi ne juya abin da aka ajiye a baibai, kuma a nan ne ɗan fayil ɗin ke jawo asara.

Rizisto da ƙananan kafasito ba ruwansu da gaba ko baya, duk yadda aka ajiye su aiki za su yi. Dayod kuwa, da fitilar LED, da aisi mai ƙafafuwa da yawa, kowanne yana da fuska ɗaya tak da ta dace. Fayil ya ce a juya digiri 90. To, daga ina za a fara ƙirgawa? Wanda ya zana siffar ƙwayar a manhaja yana da nasa sifili. Kamfanin da ya zuba ta a tef ya kwantar da ita yadda ya kwantar. Injin kuma yana da nasa lissafi. Akwai ƙa'ida, IPC-7351, da ta ce a ɗauki sifili a matsayin lokacin da ƙafa ta ɗaya take kusurwar hagu ta sama, amma akwai wani tsarin da ya sa ta a hagu ta ƙasa, kuma dubban siffofin da ke yawo a intanet mutane daban-daban ne suka zana su, kowa da son ransa. Idan aka yi rashin sa'a, aisi zai zauna a juye da digiri 180, ƙafar wuta ta faɗa inda ta ƙasa ya kamata ta kasance. Da an jona batir sai hayaƙi. Kuma inji ba ya kuskure sau ɗaya ya gane. Allo dubu aka ba shi, dubun zai yi wa iri ɗaya.

Akwai sauran ramuka. Amurkawa da yawa suna auna allo da inci da kashi ɗaya cikin dubu na inci, alhali injin na jiran milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka idan aka haɗa su komai zai watse. Idan wurin da aka fara awo a fayil ɗin wuri ya saɓa da na Gerber, dukkan kayan za su gusa gefe guda. Fuskar ƙasa kuma sai an kifa allo ake yin ta, dama ta koma hagu, wasu manhajojin suna juya lambobin da kansu, wasu suna barin masana'anta ta juya. Sai kuma kaya marasa daidaiton siffa, irin bakin caji, wanda tsakiyarsa a zane kan bambanta da inda bakin inji zai kama shi. Shi ya sa masana'antar kirki ba ta sakin inji sai an haɗa allo ɗaya, mutum ya zauna da madubi ya bi dayod da aisi ɗaya bayan ɗaya. Kamfanoni irin JLCPCB na ƙasar Sin, masu karɓar ƙananan oda ta intanet, suna nuna wa mai zane hoton allonsa da kayan a kai kafin ya biya, don ya gyara juyin da idonsa. An kuma ƙirƙiro tsare-tsare irin ODB++ da IPC-2581 da ke haɗa dukkan bayanai a ƙunshi ɗaya, amma ƙananan masu zane har yanzu tebur ɗin nan suke turawa.

Abin sha'awa, wannan bayanin ne mai gyara ke nema daga ɗaya ɓangaren. Tsohuwar rediyo akan buga R5 ko C12 da farin fenti kusa da kowace ƙwaya. Fanel ɗin waya ba shi da filin wannan rubutu. Don haka manyan masu gyara a Kano da Damagaram suke biyan kuɗin manhajojin da ke nuna taswirar fanel: a danna ƙwaya, a ga sunanta da inda layinta ya nufa. Wanda ba shi da ita sai ya ajiye matattun fanel a gwangwani, ya riƙa kwatanta mai rai da matacce, yana ciro kaya daga wannan yana dasa wa wancan.

Shin ɗan wannan yanki zai iya zama a ɓangaren masu zanen? Ta fuskar manhaja, ƙofa a buɗe take. KiCad kyauta ce. Wani malami Bafaranshe, Jean-Pierre Charras, ya fara ta a 1992 a cibiyar koyon fasaha ta jami'a da ke Grenoble, irin cibiyar da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ke da ita, inda ake koyar da aikin lantarki. Daga baya cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba ta sa hannu wajen inganta ta. Tana aiki a tsohuwar kwamfutar hannu ba tare da intanet ba. Kuma abin da yankin ke buƙata ba sai ya kai waya wahala ba: na'urar daidaita cajin batirin sola, allon fitila, makunnin famfon ban ruwa na masu lambun rani a kwarin Korama. Allo ne mai ƙwaya talatin ko hamsin, fayil ɗinsa bai wuce shafi ɗaya ba.

Wahalar tana wajen biya da kawowa. Masana'antar tana son katin banki mai aiki a ƙetare, kuɗin jirgi kan fi kuɗin allon, kuma ƙunshin sai ya sauka Yamai ko Kano kafin a san yadda zai iso Dungas. Mutanen yankin sun ga yadda hanya ke tsinkewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har zuwa Maris na 2024. Injin ɗauka da ajiyewa kuwa yana son wuta marar yankewa, da iska mai matsi, da ɗaki marar ƙura, abin da hunturun Damagaram ba ya bayarwa a arha.

Duk da haka injunan sun fara matsowa nahiyar Afirka. Transsion ya buɗe masana'antar haɗa waya a Habasha tun 2011. A Oktoban 2019 aka buɗe masana'antar Mara Phones a Kigali ta Ruwanda. A Nairobi kuma, kamfanin Gearbox Europlacer yana da layin jera ƙwayoyi da ya haɗa ƙaramin allon Raspberry Pi Pico, wanda ɗalibai ke koyon sarrafa na'urori da shi. Irin wannan layi yana karɓar aikin wasu, kuma abin da zai nema daga mai zane a Magarya shi ne abin da zai nema daga na Shenzhen: Gerber, jerin kaya, da tebur ɗin wuri a milimita, tare da zanen da aka yi wa ƙafa ta ɗaya ta kowane aisi alama ƙarara.