Iskar da Muke Shaƙa a Ɗakunan Haya: Ma'aunin da Masana Suka Gindaya da Abin da Ya Shafe Mu

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin lodin shanu ya san ba a zuba su a tirela kara zube. Mahaifina, idan za a ɗauko kaya daga Potiskum zuwa Legas, sai ya zagaya motar da kansa, ya ƙidaya kawunan da za su shiga, ya tabbatar saman a buɗe yake iska na kaɗawa. Ya san idan aka cusa su fiye da ƙima, kafin a kai Jebba wata ta durƙushe. To amma mu da muke rako shanun, idan mun sauka sai mu shige ɗaki ɗaya mu takwas, mu rufe ƙofa, mu toshe taga da kwali saboda sauro, mu kunna maganin sauro, ga janareta na ruri a bakin ƙofa. Wallahi lissafin da muke yi wa dabba ba ma yi wa kanmu.

Wannan ya sa na ga ya dace mu tattauna a kan iskar cikin ɗaki. A duniya yanzu akwai ma'auni da ƙa'idoji a kanta, har takardar shaida ake ba gini idan ya cika su. Da jin haka wani zai ce ai wannan zancen masu benaye ne na Ikoyi. Amma idan ka bi ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya, za ka ga da mu suke, mu mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12, Sabon Ibadan, Ama Hausa ta Owerri da sauran unguwanninmu na Kudu.

Mene ne ake aunawa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Mafi yawa hayaƙin girki ne da itace, gawayi da kananzir. Abubuwan da masana suka fi sa wa ido a cikin ɗaki guda huɗu ne.

Na farko, ƙananan ƙwayoyin hayaƙi da ƙura waɗanda ake kira PM2.5. Sun fi silin gashin kai ƙanƙanta kusan sau 30, shi ya sa gashin hanci ba ya tare su, suna wucewa can ƙasan huhu har su shiga jini. A ƙa'idar da Hukumar ta sabunta a 2021, bai kamata su wuce maikirogiram 15 a kowace mita ɗaya murabba'i mai tsawo da faɗi da tsayi na iska ba a cikin awa 24, a matsakaicin shekara kuma kada su wuce 5. Mutanenmu na Fatakwal sun san irin wannan baƙin toka da ya addabi garin tun 2016, wanda za ka share ɗaki da safe kafin la'asar ya sake yin baƙi. Abin da ido ya gani a ƙasa kenan, wanda ya shiga ƙirji ba a ganinsa.

Na biyu, iskar guba ta kabon monoksaid, wadda ke fita daga janareta, gawayi da duk wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sama da sau 200, don haka sai jinin ya riƙa zagayawa ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata ba.

Na uku, iskar da mu kanmu muke fitarwa idan mun yi numfashi, wato kabon dayoksaid. A waje tana kusan kashi 420 cikin miliyan. Idan ta haura 1,000 a cikin ɗaki, masana na ɗaukar hakan alamar cewa iskar waje ba ta shigowa yadda ya kamata. Ita a wannan matakin ba ta kisa, amma tana nuna numfashin juna kuke ta shaƙa. Idan kuwa akwai mai tarin fuka a ɗakin, ta nan ciwon ke bi ya kama na kusa da shi.

Na huɗu, danshi da fumfuna. Wannan shi ne abin da ya bambanta Kudu da gida. A Arewa bango na bushewa da kansa, nan kuwa daga watan Yuni za ka ga bango ya yi baƙi-baƙi, katifa na warin ruma, takalmi ya yi fari a ƙarƙashin gado. Tun 2009 Hukumar ta fitar da ƙa'ida ta musamman a kan haka, inda ta danganta zama a gida mai danshi da tari, shessheƙa da tashin asma, musamman ga yara.

Takardar shaidar gini

A Amurka akwai tsare-tsare biyu da suka yi suna. Ɗaya shi ne LEED, wanda ya fi duba yadda gini ke tattalin wuta da ruwa, amma yana da sashe a kan iskar ciki. Misali, yana hana shan taba a cikin gini da kuma tsakanin ƙafa 25 daga ƙofar shiga, yana ba da maki ga wanda ya yi amfani da fenti da gam marasa fitar da guba, da wanda ya bar iska ta wanke sabon gini kafin mutane su tare. A Legas, ginin Heritage Place da ke Ikoyi na da wannan shaida.

Na biyun shi ne WELL, wanda aka ƙaddamar a 2014, shi kuma lafiyar mutanen ciki ya sa gaba. Ba ya wadatuwa da zanen gini a takarda. Sai an turo mai gwaji da na'ura ya auna iskar, ya tabbatar kabon monoksaid bai kai kashi 9 cikin miliyan ba, ƙwayoyin hayaƙi kuma ba su wuce 15 ba. Bayan shekara uku a sake dubawa, in ba haka ba shaidar ta faɗi.

A nan gida muna da Kundin Dokar Gini na Ƙasa na 2006, da hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don kula da ƙa'idojin muhalli, Legas kuma na da LASEPA da LASBCA. Sai dai kowa ya san ɗakin da aka yanka da katako a bayan shago, ko wanda aka ƙara a inda da can filin shan iska ne, ba da zanen da aka amince da shi aka yi shi ba. A irin waɗannan ɗakuna yawancinmu ke kwana, don haka duba iskarsu ya koma wuyanmu.

Idan ka tattara duk waɗannan ƙa'idoji, abu uku suke faɗa: a fitar da abin da ke gurɓata iska daga ɗaki, a bar sabuwar iska ta shigo tsohuwa ta fita, sannan a auna a tabbatar.

Mu yi lissafi da ɗakinmu

Lokacin korona, a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane mutum ya samu lita 10 ta sabuwar iska a kowace daƙiƙa. Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, 9 tsayi, irin na gidajen nan masu ɗakuna suna kallon juna. Iskar da ke cikinsa ba ta wuce lita 37,000 ba. Mutum takwas na buƙatar lita 80 a daƙiƙa. Kenan duk minti takwas ya kamata iskar ɗakin ta canza gaba ɗaya. Yanzu ka tuna ɗakin da aka rufe tun bayan isha'i ba a buɗe ba sai kiran assalatu. Wannan nauyin kai da kasalar da kake tashi da su, kana cewa gajiyar kasuwa ce, wani lokaci daga nan suke.

Game da taga kuma, dokar gini ta Ingila ta ce ɓangaren tagar da ke buɗuwa ya kai kashi ɗaya cikin ashirin na faɗin ƙasan ɗaki. A ɗakin da muka ambata, wajen ƙafa 7 murabba'i kenan, kamar taga mai ƙafa uku da biyu da rabi, a buɗe gaba ɗaya, ba wadda aka jingine wa akwati ba. Kuma taga ɗaya ba ta kai biyu masu kallon juna ba, domin iska na son ta shiga ta nan ta fita ta can. Fanka kuwa juya iskar da ke ciki kawai take yi. Za ka ji sanyi, amma ba ta kawo sabuwa idan ko'ina a rufe yake.

Janareta

Nan ne rai ke salwanta cikin dare ɗaya. Kusan kowace damina sai mun ji labarin iyali ko abokan kwana da aka wayi gari an tarar da su a mace a ɗaki, abincinsu na gefe. Sai ka ji ana cewa guba aka sa musu, ko sammu ne, ko aljanu. Da yawa idan aka bincika, janareta ne aka shigo da shi lungun gida ko kicin saboda ruwan sama ko tsoron ɓarayi.

Ni kaina na ga irinsa a gidan da muka taɓa haya. Wani maƙwabcinmu mai sayar da kayan miya ya jawo ƙaramin janaretansa cikin lungu saboda ruwa, ya ce zai kashe in an ɗauke. Barci ya sace shi. Allah ya sa wani dattijo ya tashi alwala cikin dare, ya ji kansa na juyawa, ya shiga buga ƙofofi. Yara biyu da ƙyar aka tashe su, suna amai, ƙafafunsu sun ƙi ɗaukar su. An kai su asibiti an sa musu iska, suka farfaɗo. Da dattijon nan bai tashi ba, da wani labarin ake yi.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce janareta ya kasance a waje, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa na kallon nesa da gida. Na san a unguwanninmu samun ƙafa 20 ba wasa ba ne. Amma ko da fili bai kai ba, lungu, ƙarƙashin bene, banɗaki da shagon da aka ja wa ƙofa ba wurin janareta ba ne, ko da an bar taga a buɗe. A haɗa kuɗi a yi masa keji na ƙarfe mai rufin kwano a waje, a sa kwaɗo. Ya fi arha a kan abin da zai biyo baya.

Alamar da za ka gane: mutanen ɗaki duka su kamu da ciwon kai, jiri da tashin zuciya lokaci guda, kuma da an fita waje a ji sauƙi. Idan haka ta faru, a kashe injin, a fitar da kowa fili, a garzaya asibiti ko a kira 112. Kada a tsaya ɗura wa mutum manja ko madara. Ba a ciki gubar take ba, a jini take, kuma ɗura wa wanda ya suma abu na iya shaƙe shi.

Girki da maganin sauro

Iyayenmu mata da ƙannenmu su suka fi shan hayaƙi, da jariran da ke goye a bayansu. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a guji kananzir wajen girki da haske a cikin gida. Gas ya fi tsabta, amma shi ma a buɗe taga idan ana girki. Gawayi kuwa ko ya daina hayaƙi ya yi jajir, yana nan yana fitar da guba, don haka kada a shigo da kurfoti ɗaki a kwana da shi, ko don ɗumama mai jego ne.

Maganin sauro na kunnawa shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya gano cewa guda ɗaya idan ya ƙone, ƙwayoyin hayaƙin da yake fitarwa sun kai na karan sigari 75 zuwa 137. Gidan sauro mai magani ya fi, sannan a sa raga a taga maimakon kwali, iska ta shigo sauro ya tsaya a waje. Maganin ƙwari na gona irin su Sniper da wanda ake ɗurawa a kwalba ana tallarsa a tasha, ba a yi su don ɗakin kwana ba. Idan an yi feshi da na gwangwani, a fita, a dawo a buɗe ƙofa da taga kafin a shigo da yara.

Kafin ka biya kuɗin haya

Idan ejan ya kai ka ganin ɗaki, kada ka tsaya a kan ruwa da wuta kawai. Duba taga nawa ce, tana buɗuwa, kuma me take kallo: fili, ko bangon maƙwabci, ko bakin janaretan wani? Shafa bango daga ƙasa ka ji ko da danshi, domin sabon fenti na ɓoye fumfuna na 'yan makonni ne kawai. Tambayi inda ake girki da inda ake ajiye janareta. Idan da hali, koma da daddare ka ga yadda gidan yake lokacin da kowa ya kunna injinsa. Akwai kuma 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan kabon monoksaid ya taru. Gida ɗaya za su iya haɗa kuɗi su saya su rataye a lungu kusa da ɗakunan kwana.

Waɗanda Allah ya hore wa suna gini, ko kwamitin masallaci da makarantar Islamiyya, su gaya wa magini tun daga tushe a bar taga ta ɓangare biyu da ƙananan kafofi a sama kusa da rufi, inda iska mai zafi ke taruwa. Ajin da aka tara yara hamsin yana buƙatar haka fiye da kowane ofis.

Ina roƙon Sarakunan Hausawa, shugabannin kara da limamanmu su ɗauki wannan magana, ko da minti biyu ne bayan sallar Juma'a kafin damina ta kankama, musamman saboda samarin da ke saukowa daga gida ba su san halin ɗakunan nan ba. Wanda ya karanta kuma ya duba ɗakinsa yau, ya leƙa na maƙwabcinsa. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya mayar da kowa gida lafiya.