Ɗinki Ma Labari Ne, Sai An Tsara Kafin A Yanka

An san Madarunfa da tafkinta da kuma waliyyai 99 da tarihin baka ya ce suna kwance a kewayensa. To amma gundumar tana kan hanyar yadi ma, domin kuwa kayan da ake sarowa a Kantin Kwari na Kano kan biyo ta Katsina da Jibiya su shigo ta Ɗan Isa, kafin su watsu cikin kasuwanninmu. A yau za mu duba aikin da ake yi tsakanin sayen yadi da sa riga, saboda ya yi kama ƙwarai da aikin mai tsara labari, kuma rashin gane hakan kan jawo asarar kuɗi da ta ciniki.

Abu na farko, mai labari yakan san wanda zai ba labarin. Tatsuniyar da kaka ke yi wa jikoki da dare daban take da hirar da za ta yi da tsaranta. Haka tela na ƙwarai ba ya ɗaukar almakashi sai ya tambaya: kayan Salla ne, ko na biki, ko na fitar suna? Amarya ce za ta sa, ko uwargida? Awon jiki kaɗai bai isa ba, sai an san inda kayan za su shiga.

Na biyu shi ne zane kafin allura. A aikin babbar riga ta hannu, tun da can akwai mai zane, wanda kan fitar da fasalin aikin a jikin yadi da alƙalami da tawada, sannan maɗinki ya bi sawunsa da zare. Da yawa daga masu zanen malamai ne da almajirai, waɗanda hannunsu ya saba da rubutun allo. Siffofin da suke aiki da su sanannu ne: aska biyu, aska takwas, tambari da dagi, kuma kowanne da mazauninsa. Askake na saukowa ta wajen aljihu a hagun ƙirji, tambari kuwa yakan zauna a dama da kuma baya. Tamkar Gizo, Ƙoƙi da Kura ke nan a tatsuniya. Kowa ya san su, amma yadda aka jera su, aka ba wani fili aka rage wa wani, shi ke bambanta gwani da ɗan koyo.

Marigayi Abubakar Imam ya nuna mana irin wannan a littafinsa Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1937. Ya yi babban labari guda na wani aku mai hikima, sannan ya jera ƙananan labarai a cikinsa, kamar yadda faɗin riga ke ɗauke da ƙananan zane. Wasu labaran daga ƙasashen Larabawa da Turai ya samo su, ya sake yanka su daidai jikin Bahaushe. Ai haka telolinmu ke yi da shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya, ko atamfar Holan, ko yadin ƙasar Sin: yadin baƙo ne, amma ɗinkin namu ne.

Na uku shi ne gyara, kuma a nan ne tela ya fi marubuci shiga haɗari. Marubuci na iya soke layi ya sake wani, amma abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. Shi ya sa ake shata yadi da alli, a duba, a goge, a sake shatawa. Ƴan kasuwar wannan yanki ba su manta da rufe iyaka na 2019 da na 2023 ba, lokacin da shigo da kaya ya yi wuya, ɓarnar yadi guda ta zama babbar magana. Duk da haka, har yanzu mukan kai ɗinki ana saura kwana 3 Salla, mu tsaya a kan tela, in kaya suka lalace kuma a yi ta cacar baki. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.

Yanzu injin aiki mai kwamfuta yakan gama cikin sa'o'i abin da hannu ke shafe makonni a kai, kuma ya sauƙaƙa wa talaka samun riga mai aiki. Sai dai inji maimaita abin da aka ba shi yake yi. Mutum ne ke ƙirƙiro zanen, kuma sau da yawa shi ne ba a biya, domin da zarar hoton aikinsa ya shiga WhatsApp, kowa sai ya kwafa. Irin kukan da marubutan littattafan Hausa na Kano suka daɗe suna yi ke nan a kan masu satar fasaha.

Saboda haka muna ba mai sayar da yadi shawara ta riƙa tambayar abokiyar cinikinta abin da za a ɗinka kafin ta miƙa turmi. Atamfa mai manyan furanni tana son ɗinki mai faɗi, in an yayyanka ta ƙanana sai furen ya tsinke kamar labarin da aka katse a tsakiya. Mai ƙananan zane kuwa ta fi haƙuri da kowane irin yanka. Macen da ta sa kaya aka yaba a gidan biki, za a tambaye ta inda ta saya, kuma sunan rumfarki za ta faɗa. Mu kuma masu kai ɗinki, mu kai da wuri, mu sa ladan zane cikin lissafi.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.