Idan ./configure Ya Cije: Abin Da Kuskuren OpenSSL Ke Nufi

Matasa da dama da ke koyon Linux, a kwamfuta ko a wayar Android ta manhajar Termux, sukan ci karo da tangarɗa ɗaya ranar da suka fara harhaɗa manhajar tsaro da kansu. An sauke rubutun asali na OpenSSH, an buga ./configure, layuka suna ta gudu, sai komai ya tsaya cak. Saƙon da ya fito yana cewa fayilolin bayanin OpenSSL ba su dace da laburaren da ke kan na'urar ba.

Aikin ./configure shi ne ya bincika na'ura kafin a fara gini. Yana neman abu biyu daga OpenSSL: fayilolin bayani masu ƙarewa da .h, waɗanda ke faɗin yadda za a yi magana da laburaren, da kuma laburaren kansa mai yin aikin ɓoye bayanai. Idan na farko ya fito daga wani zubi, na biyu kuma daga wani zubin daban, manhajar na iya haɗuwa amma ta riƙa aiki ba daidai ba. Wannan yakan faru ne idan an girka OpenSSL sau biyu, ɗaya a /usr, ɗaya a /usr/local.

Wurin fara bincike shi ne fayil ɗin config.log. Saƙon da ke kan allo taƙaitawa ce kawai. A cikin fayil ɗin ake ganin gwajin da ya faɗi da kuma inda aka ɗauko kowane fayil. Idan fayilolin .h ne babu gaba ɗaya, Debian da Ubuntu suna buƙatar libssl-dev, Fedora kuma openssl-devel. Idan zubi biyu ne ke karo, ana nuna wa OpenSSH wanda ake so da --with-ssl-dir. A Termux kuwa fayilolin ba sa zama a /usr, suna ƙarƙashin $PREFIX ne, don haka can za a nuna masa.

Akwai kuma gajeriyar hanya mai jan hankali: --without-openssl-header-check, wanda ke hana gwajin tsayar da aikin. Kuskuren zai koma gargaɗi kawai, amma saɓanin yana nan daram, a cikin manhajar da za a damƙa wa kalmomin sirri da makullan shiga sabar.

Abin da ya faru a Afrilun 2014 ya nuna nauyin irin waɗannan zaɓuɓɓuka. Lokacin da aka bankaɗo ɓarakar Heartbleed a OpenSSL 1.0.1, an shawarci waɗanda ba za su iya sabuntawa nan take ba da su sake harhaɗa shi da -DOPENSSL_NO_HEARTBEATS, wanda ke cire sashen da ke da matsalar. Google ya ce a cikin zubin Android, 4.1.1 kaɗai ɓarakar ta shafa.

Bayan an gyara, kafin a sake gwadawa, yana da kyau a goge ragowar ginin baya da make distclean. Idan an gama, ssh -V zai nuna zubin OpenSSL da manhajar ke amfani da shi. In bai yi daidai da wanda aka zaɓa ba, da sauran aiki.