Makarantar Sakandare ta Brockton da jarrabawar MCAS

Makarantar Sakandare ta Brockton makarantar gwamnati ce da ke birnin Brockton, kimanin kilomita 40 kudu da Boston, a jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka. Tana cikin manyan makarantun sakandare na jihar, domin a wajen shekarar 2010 ɗalibanta sun haura 4,000. Yawancinsu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma da dama iyayensu sun yi ƙaura ne daga Cape Verde da Haiti. An fi sanin makarantar da yadda sakamakonta a jarrabawar jiha ya tashi daga ƙasa zuwa abin misali cikin shekara goma.

Jarrabawar

MCAS jarrabawa ce ta bai-ɗaya da ta samo asali daga dokar gyaran ilimi ta jihar ta 1993. An fara yin ta a 1998. Tun daga ɗaliban da suka kammala a 2003 har zuwa 2024, sai ɗalibi ya ci jarrabawar aji na goma a Turanci da lissafi kafin a ba shi takardar shaidar kammala sakandare.

A zagayen farko, kashi 44 cikin ɗari na ɗaliban Brockton sun faɗi Turanci, kashi 75 kuma sun faɗi lissafi. Da abin ya ɗore a haka, da ɗaruruwan yara sun bar makarantar kowace shekara ba takarda a hannu.

Matakin da malamai suka ɗauka

Wasu malamai, ciki har da Susan Szachowicz, malamar tarihi wadda daga baya ta zama shugabar makarantar, suka kafa kwamiti suna zama ranar Asabar. Dabararsu ta farko ba ta yi aiki ba. Sun lura an yi tambaya kan Shakespeare a jarrabawar, sai suka duƙufa koyar da shi, da jarrabawa ta zagayo kuma ba a tambaye shi ba.

Daga nan suka daina hasashen tambayoyi, suka koma kan abu huɗu: karatu, rubutu, magana da tunani. Aka wajabta wa kowane malami, har da na lissafi da na motsa jiki, ya sa ɗalibansa su karanta nassi su rubuta amsa mai hujja, bisa tsari guda da ma'aunin gyara guda. Shugabannin sassa suna karɓar takardun ɗalibai suna dubawa, don a ga ko malami ya bi tsarin. Ba duka malamai suka yi na'am da wannan ba, wasu ma sun bar makarantar.

A 2001 adadin masu faɗuwa ya ragu sosai, kuma ya ci gaba da raguwa. Wani rahoto da Ronald Ferguson na Jami'ar Harvard ya jagoranta ya sa Brockton cikin makarantun da suka yi fice, jaridar New York Times kuma ta ba da labarinta a 2010. Abin da ya ja hankali shi ne girmanta, domin a lokacin ana kashe kuɗi mai yawa a Amurka wajen rarraba manyan makarantu zuwa ƙanana. Sai dai ci gaban ya fi bayyana a Turanci, lissafi bai kai shi ba.

Bayan haka

A 2023 aka gano giɓin miliyoyin daloli a kasafin makarantun birnin, ga kuma ƙarancin malamai. A Fabrairun 2024 mambobi huɗu na kwamitin makarantun birnin suka nemi a turo dakarun tsaron jiha saboda faɗace-faɗace tsakanin ɗalibai, amma Gwamna Maura Healey ba ta amince ba. A Nuwamban shekarar masu zaɓe a Massachusetts suka soke sharaɗin cin MCAS kafin kammala sakandare. Har yanzu ɗalibai suna rubuta jarrabawar, kuma jihar tana amfani da sakamakon wajen auna makarantu.