Makullin Ko-ta-kwana

Duk mai shago ya san halin tsohon kwaɗo. Makullin da yake buɗe shi da juyi ɗaya, wata rana sai an jijjiga, an ɗan ja shi baya, kafin ya saki. Idan mai shagon ya lalubo na ko-ta-kwana da ya ɓoye a gida, sai ya tarar shi ko shiga ba ya yi. Kusan haka likitoci suke ciki da wata ƙwayar cuta da suke kira GBS.

Ƙwayar tana zaune lafiya a hanji da farjin kusan mace ɗaya cikin biyar masu ciki, ba ƙaiƙayi ba zazzaɓi. Jariri ne ke kwasar ta wajen haihuwa, ta shiga jininsa ko ta sa masa sanƙarau. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ƙiyasta tana kashe jarirai kusan 91,000 a shekara, ban da wasu 46,000 da ake haifa babu rai.

Babban makullin shi ne fenisilin, wanda ake sa wa uwa ta jijiya tana naƙuda. Har gobe yana buɗewa. Amma a 2008 masu bincike a Japan suka ba da rahoton wasu ƙwayoyin da suka sauya siffar gurbin da maganin ke kamawa, sai an ƙara yawansa kafin ya ci su. A 2024 hukumar ta saka irin waɗannan cikin jerin ƙwayoyin da ke buƙatar sabon magani.

Ni dai na ko-ta-kwanan ya fi damuna. Akwai matan da jikinsu ba ya karɓar fenisilin, su akan ba su wani maganin kamar clindamycin. To a Amurka, alƙaluman 2019 sun nuna fiye da kashi 40 cikin ɗari na cututtukan GBS masu tsanani ba sa jin sa. Erythromycin kuwa tuni aka daina dogaro da shi.

A can ana gwada mai ciki a mako na 36 zuwa 37, a kuma gwada maganin da ƙwayarta ke ji. A nan wajenmu kuwa mata da yawa a ɗaki suke haihuwa, kemis kuma yana sayar da kafso biyu-uku ga duk wanda ya miƙa kuɗi, har Ampiclox ake ɗiga wa jariri wai don rigakafi, cibiyarsa ko faɗuwa ba ta yi ba.